Almakashin Mama Tela

Matar ƙanena tela ce, kuma tun kafin furfura ta fito mata kowa a layinmu Mama Tela yake ce mata. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da magani. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, sai wani madubi da ya tsage a kusurwa, wanda ta ƙi canzawa wai har yanzu yana faɗin gaskiya. Ni kuwa teburina yana bakin ƙofarta, sabulu da ashana da kyandir nake sayarwa, yau shekara ashirin da shida. Duk mai shiga shagon sai ya tsallake ƙafata. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Ƙanena ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya yana rarrafe, da keken nan ta raine shi har ya zama mutum. Ido Allah ya ba ta, irin wanda ba a koya. Ta hango ki daga ƙofa, kafin ki gama gaisuwa ta san faɗin kafaɗarki. Tef ɗin awo don ta kwantar wa mai kaya da hankali kawai take ɗora shi. Wata ta taɓa cewa ƙugunta talatin da biyu ne, Mama Tela ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Talatin da biyu ranar aurenki, uwar ɗakina. Yau talatin da tara, Allah ya ƙara albarka."

Ba ta wasa da lokaci. In ta ce Laraba, to Laraba ce. Ko a coci, in wa'azi ya yi tsawo, sai ki ga yatsunta na motsi a kan cinya kamar tana kalmashe bakin siket. Takan ce lokaci kayan Allah ne, duk wanda ya ɓata shi sata ya yi. Ni da nake iya shafe awa biyu ina kallon titi, ni ce shugabar ɓarayi a wurinta.

Almakashinta babba ne mai baƙin mariƙi, ɗaure da igiya a ƙugunta. Ba mai taɓa shi, kuma akwai dalili.

Ɗan nata direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Ya auro yarinya mai sanyin hali, wadda har gobe Amarya muke ce mata, ko da yake 'yarta ta kusa kamo ta a tsawo. A watanta na biyu a shago, Mama Tela ta ba ta yadin wata ma'aikaciyar asibiti ta yanke hannayen riga. Yadin yana da fuska yana da baya. Wanda ya san aikin yakan ninka yadi fuska da fuska ya yanka sau ɗaya, hagu da dama su fito tare. Amarya ta shimfiɗa shi falle ɗaya, ta yanke na farko, ta ɗora shi a kan ragowar ba ta kife shi ba, ta yanke na biyu. Hannu biyu, duk na hagu.

Mama Tela ta ɗaga su sama, da muryar da sai da mai takalma ya leƙo. "Matar nan da kika gani da idonki, hannun hagu biyu gare ta?"

Ta karɓe almakashinta. Daga ranar, shekara goma sha ɗaya, aikin Amarya guga ne, sa maɓalli, kalmasa, da share ƙyallaye.

Ciwon ido ya zo a hankali. Ta fara bugun ƙofa da kafaɗa. Sau biyu ta zubar mini da kyandir ta ce ni na matso da tebur. Da ta yi na uku, na ja ta asibiti. Likita ya haska, ya auna, ya yi rubutu mai yawa. Ni ban san baƙi ba, amma fuskar likita na iya karanta ta. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa daga gefe zuwa tsakiya, ganinta zai riƙa ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu. Maganin ɗigawa zai ja lokaci, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Ta ce, "Likita, kada ka yi mini kewaye. Zan yi shekara ina ganin kafar allura?"

"Mama, wataƙila shekara. Wataƙila ba za ta kai ba."

Na shirya zanena don share mata hawaye a hanya. Ina! Daga asibiti layin masu yadi ta nufa, ta loda mini kaya a ka kamar ta ɗauko ɗan dako. Sai a shago ta faɗa mana abin da ta ƙulla. Jikarta ɗaya ce tak, 'yar Amarya, wadda aka sa wa sunanta, shi ya sa take kiranta Takwara. A lokacin yarinyar ta haura shekara bakwai. Mama Tela ta ce kafin idon ya rufe za ta ɗinka mata riguna biyu na kowace shekara, daga takwas har sha takwas, sannan ta rufe da farar rigar aure. Ko farin yadin ta riga ta saya.

"Ba za a ce jikar Mama Tela ta sa ɗinkin wani ba," in ji ta.

Amarya tana tsaye da dutsen guga a hannu.

Aka juya keke ya fuskanci taga, bayanta ya koma wajen ƙofa. Da safe aikin mutane, da rana aikin akwati. Duk rigar da ta gama sai ta maƙala mata takarda mai lambar shekara, ta ninke, ta sa a akwatin ƙarfe. Takwara ta dawo daga makaranta da gudu, "Kaka, kin gani!" Ita kuwa ƙafa na kan keke. "Gobe, Takwara, gobe. Aikinki nake yi." Fasto ya zo duba ta, ya rufe ido yana addu'a, na buɗe ido ɗaya na ga matar nan tana tsinke zare.

Mu uku mukan yi addu'a kowace safiya kafin a buɗe shago. Tata addu'ar ta koma haka: "Ubangiji, saura tara da farar. Ka riƙe mini idon nan har in gama. Ka hana hadari rufe rana. Ka sa kada a ɗauke wuta. Cikin sunan Yesu."

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Ke wannan addu'a ce, ko ɗinki kika kawo wa Allah? Kin ba shi awo, kin ba shi fasali, kin yanka masa ranar karɓa."

"Yaya, nufinsa nake yi. Shi ne ba ya son zaman banza."

"Kin tambaye shi?"

"Me zan tambaya, abu a fili?"

"Kin san ƙirjin da zai ba yarinyar nan a shekara sha biyar? Ya nuna miki?"

"Ni da na auna rabin matan garin nan? Je ki sayar da sabulunki, Yaya, kina tare mini haske."

A cikin kwanakin nan na gano wani abu. Da tsofaffin jaridu nake naɗe sabulu. Amarya ta daɗe tana karɓar wasu a wurina, ta dawo mini da su a yayyanke, wai kada a yi asara. Ban taɓa dubawa ba. Ranar nan na ɗauki ɗaya zan naɗe wa wata mata sabulu, sai na ga ashe hannun riga ne. Na jawo wani, wuya. Na jawo wani, gaban riga har da tsagar maɓalli. Shekaru ina sallamar mutane da sabulu sanye da riga ban sani ba.

Na tare ta a bakin famfo. "Amarya, tun yaushe?"

"Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri."

"Tun yaushe, na ce."

"Shekara tara."

Ashe ƙyallayen da take sharewa ba zubarwa take yi nan da nan ba. Duk abin da Mama Tela ta yanka, gefensa yana nan a jikin ƙyallen da ya faɗi ƙasa. Sai ta kwashe, ta jera su a kan jarida a ɗakinta, ta bi lanƙwasar da ɗan ƙaramin almakashin yanke farce. Ta sa na yi alkawarin yin shiru. Na yi shirun wata huɗu, abin da a wurina ya fi azumi wuya.

Wata bakwai bayan zuwanmu asibiti, aka ce yara za su yi waƙa a coci ranar Lahadi, Takwara ce za ta tsaya a gaba ita kaɗai. Ta cika takwas ke nan. Ranar Alhamis Mama Tela ta buɗe akwati da alfahari, ta zaro rigar shekara takwas, shuɗiya mai duhu da ƙananan furanni. Aka sa wa yarinya. Jiki ya zauna, hannu kuwa ya tsaya can sama da wuyan hannu kamar ta ari rigar ƙanwarta. Aka gwada ta tara. Ƙirji ya yi buhu, hannu bai kai ba har yanzu. Yarinyar ta ɗauko hannun gidanmu, mu da muke sauko da kaya daga kan kabad ba kujera.

Mama Tela ta durƙusa da tef, ta matso da fuskarta dab da ta yarinyar, don a lokacin sai ta matso take gani. Tef ya taɓa hammata, Takwara ta ƙyalƙyale da dariya. Sai na ga hannun matar ya tsaya cak.

"Ina giɓinki?"

"Kaka, ai ya cike tuntuni! Na zo in nuna miki, kika ce gobe."

Ta daɗe tana kallon haƙoran nan biyu, manya-manya kamar ƙofar gareji. Sannan ta miƙe ta ce a tafi da yarinya, za ta sake hannun.

Ragowar shuɗin yadin siriri ne, ba ya ninkuwa, dole a yanka ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa, ta zana da alli, ta yanka. Ta ɗora, ta sake yankawa. Furannin fuskar yadin ba su da haske, ita kuma idon ya riga ya daina raba mata fuska da baya. Sai da ta zauna a keke ta kama hannu na biyu za ta haɗa, yatsunta suka faɗa mata abin da idonta ya ɓoye.

Keke ya yi shiru. Amarya ta sunkuyar da kai a kan guga, tana goge wuri ɗaya har na ji ƙauri. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba.

"To, ita ma Takwara hannun hagu biyu gare ta?"

Allah ya yafe mini wannan. Ta ajiye yadin, ta yafa mayafi, ta fita, rana tsaka, aikin mutane jibge a kan tebur, abin da ban taɓa gani ba a duk shekarun da na yi a bakin ƙofarta. Na bar sabuluna a hannun mai takalma na bi ta daga nesa, don ba ta ganin mota sai ta zo gabanta.

Coci ta shiga. Ba kowa sai mai shara. Ta zauna a benci na uku, na zauna a bayanta. Matar da ba ta iya zaman minti biyar hannu sake, ta yi kusan awa guda ko yatsa bai motsa ba. Can na ji ta ce, "Ubangiji, yau ban zo da awo ba. Kwanakin da suka rage naka ne. Ka faɗa, ina ji."

Ba a yi tsawa ba, mala'ika bai sauko ba. Mai shara ce kawai ta zo ta ce mu ɗaga ƙafa.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Yaya, na san kina nan. Ƙamshin sabulunki ya riga ki shigowa."

"Ina nan."

"Wata bakwai ina ɗinka wa yarinyar da Allah bai gama ginawa ba. Wadda ya riga ya ba ni kuwa tana wucewa ta bayana, ban ko juyo ba." Can ta ce, "In na makance, wa zai auna ta?"

"Wa ya haife ta?"

"Amarya? Mai hannun hagu biyu?"

"Yau ai ku biyu ne a shagon."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. Akwai sabulu ɗaya ƙulle a bakin zanena, wanda na naɗe wa wata ba ta dawo ta karɓa ba. Na kwance jaridar na miƙa mata ta saman benci. Alkawari dai na karya shi, kuma a cikin coci. Ta shimfiɗa takardar a cinya, ta bi gefenta da yatsa. Mama Tela tana da wata lanƙwasa da take yi wa kan hannu, gaba ya fi baya zurfi kaɗan, shi ya sa rigarta ba ta cizon hammata. Yatsanta ya kai wurin ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

"Wannan yankana ne."

"Kin taɓa yanka jarida?"

"To wa?"

"Wadda ke share miki ƙasa. Shekara tara, da almakashin farce."

Ta riƙe takardar nan kamar an miƙa mata jariri. Ta ce, "Ina ta roƙo a ƙara mini ido, ashe an ajiye mini guda biyu a bayan dutsen guga."

Da muka koma, Amarya tana nan inda muka bar ta. Mama Tela ta je teburin yanka ta shafa abin da ya rage na shuɗin yadin. Na hannu ɗaya ne cif, ko faɗin yatsa bai ƙaru ba. In ya lalace, Takwara ba ta da rigar Lahadi. Ta kwance igiyar ƙugunta a hankali.

"Amarya, ajiye gugar nan."

"Na'am, Mama?"

"Saura hannun dama. Zo ki yanka."

Amarya ta dubi almakashi, ta dubi jaridar da ke hannun surukarta, ta juyo gare ni. "Gwaggo!" Ni kuwa na ga wani abu mai ban sha'awa a titi.

Ta karɓa. Ta shimfiɗa yadin, ta kai shi bakin taga ta tabbatar da fuskarsa. Ta ɗauki hannun hagu ɗaya ta kife shi a kai, fuska da fuska. Ta zana. Ta tsaya tana jiran a ce mata wani abu. Mama Tela ta harɗe hannuwanta a baya, ta cije leɓe, ina ganin maganganu goma suna cunkushe a maƙogwaronta, ba ta saki ko ɗaya ba. Sai ƙarar almakashi, ƙaras, ƙaras, ƙaras, a kan katako.

Mama Tela ta karɓa, ta haɗa shi da na hagu, ta bi gefensu da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Allinki ya yi kauri," ta ce. "A fere shi."

Duk wanda ya san ta ya san ba ta taɓa yabon mutum sama da haka ba. Amarya ta miƙa mata almakashin, ta ƙi karɓa. "Riƙe. 'Yata, shekara goma sha ɗaya na ci miki a kan hannun riga guda. Ki yafe mini." Suka kama kuka su biyu, ni kuma na je na ceto wandon mutane daga ƙarƙashin dutsen guga.

Ranar Lahadi a bencin gaba Mama Tela ta zauna. Ta ce mini bututun nata fuskar yarinyar kaɗai ya ɗauka, ba riga ba hannu, kuma ya ishe ta.

Idon ya ƙara wata goma sha ɗaya, ya wuce abin da likita ya zata. Ba ta sake ɗinka ko ɗaya na akwati ba. Da safe tana tsaye a kafaɗar Amarya: yadda ake auna mai ƙusumbi ba a kunyata shi ba, yadda ake yanka wa mai ciki, yadda ake gaya wa mace gaskiyar ƙugunta ta tafi tana dariya. Faɗa dai ba a daina ba, ana jiyo shi har wurin mai magani. Da la'asar kuwa sai ta jawo kujera kusa da teburina, ta shiga ƙungiyarmu ta ɓarayi, tana kallon titi, tana jiran Takwara ta ɓullo daga kwana. Duk abin da yarinyar ta kawo, a ranar ake gani. Da ɗanta ya dawo daga tafiya, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta yi ta kallo, har ƙaton mutum ya ce, "Mama, mutane fa na wucewa."

Rigunan akwati ba su yi asara ba. Aka kai coci, aka yi ta gwada wa 'yan mata, kowace riga ta sami mai ita. Ashe Allah ya riga ya halicci masu su, sunan da aka maƙala ne ba daidai ba. Farin yadin kaɗai ta hana a taɓa. Yana nan a ƙasan akwati, ko alli bai hau shi ba.

Yanzu haske da duhu kawai take rabewa. Kullum tana shago, duk ɗinkin da zai fita sai ya bi ta yatsunta, kuma kaiton wanda ya karkace. Addu'arta ta safe ta gajarce har Amarya ba ta samun damar yin gyangyaɗi: godiya, sai ta ce ga yinin nan, ya nuna mata abin da yake so a yi da shi.

Shekaranjiya Takwara ta cika sha ɗaya, uwarta ta tsayar da ita gaban tsagaggen madubin nan tana aunawa, tana faɗin lambobin da ƙarfi don kakar ta ji.

"Hannu nawa kika ce?"

Amarya ta maimaita.

"Kai! Yaya, wannan laifin gidanku ne."

"Ke kika ga dogon hannu kika aura," na ce.

Ta laluba ta kamo yarinyar, ta shafa ta daga kafaɗa har yatsu, ta ja kumatunta. Sannan ta juya wajen ƙarar almakashi.

"Amarya, ki bar kalmasa da yawa a ƙasa. Ba mu san inda Allah zai tsaya da ita ba."